Jirgin saman da tafiyarsa ba ta kai minti biyu: ra'ayina kan Westray zuwa Papa Westray

Tun da na sa hoton ɗan jirgin nan a sitatus ake ta jefo min tambaya, wai da gaske ne akwai jirgin sama na fasinja da tafiyarsa ba ta kai minti biyu, ko dai irin ƙaryar nan ce ta intanet da ake haɗawa don a samu masu kallo, wasu kuma tambayarsu ita ce ya cancanci mutum ya ɓata kuɗinsa ya je ko a'a. To bari in amsa a wuri guda kowa ya huta, don bakina ya gaji da saƙon murya.

Da gaske ne. Wurin yana tsibiran Orkney, can ƙuryar arewacin Sikotilan, tsibirai ne kusan 70 amma kimanin 20 ne kawai ke da mutane. A cikinsu akwai Westray mai mutum wajen 600, sai ƙaraminsa Papa Westray wanda 'yan garin ke ce wa Papay, shi mutanensa ba su wuce 90 ba a ƙidayar 2011. Tsakanin filin jirgin wannan da na wancan kilomita 2.7 ne, mil 1.7 kenan ga masu lissafi da mil, kuma lokacin da aka ware wa tafiyar minti ɗaya da rabi ne zuwa biyu, a sama kuwa kusan minti ɗaya ake yi in iska ta ba da haɗin kai. Mafi sauri da aka taɓa yi daƙiƙa 53 ne. Kamfanin Loganair ke jigilar tun 1967, kuma kundin Guinness ya amince ita ce tafiyar jirgin fasinja mai jadawali mafi gajarta a duniya. Don ku gane ƙanƙantar abin, babban titin jirgi na filin Malam Aminu Kano ya haura kilomita 3, wato da a Kano ne da jirgin ya tashi ya sauka bai fita daga kan titin ba.

Amma fa ga inda mutane ke ruɗewa, kuma shi ne ainihin abin da ya sa na zauna rubutun nan. Ba za ka samu minti ɗaya da rabin nan shi kaɗai kana zaune a Landan ko Manchester ba. Jirgin ba a Westray yake kwana ba, daga Kirkwall yake tasowa, babban garin Orkney, ya yi wajen kwata na awa ko sama da haka kaɗan ya sauka a ɗaya daga cikin tsibiran biyu, ya sauke mutane ya ɗauki wasu, ya tsallaka ɗayan, sannan ya koma Kirkwall. Wannan tsallakawar ta tsakiya ita ce ake ta yayatawa. Kirkwall zuwa can kilomita arba'in da 'yan kai ne. Ita kanta Kirkwall ɗin sai ka nemo ta, daga Aberdeen inda nake jirgin sama bai cika awa ɗaya ba, jirgin ruwa na NorthLink kuwa wajen awa shida yake yi, akwai kuma jirage daga Edinburgh da Glasgow da Inverness, in kuma da mota ka ke to sai ka tuƙa har ƙarshen ƙasa ka hau jirgin ruwa a Scrabster zuwa Stromness, awa ɗaya da rabi. Kun ga kenan tafiyar minti biyu tana iya cinye maka yini guda zuwa, yini guda dawowa.

Su kuma shafukan nan da ake zuba sunan filin jirgi biyu su fito maka da nisa da lokaci, kar ka dogara da su a kan ƙananan filaye irin waɗannan. Nisan dai suna kusan dacewa tunda layi ne miƙaƙƙe a taswira, amma lokacin da yawansu da gudun babban jirgi suke lissafawa sannan su ƙara wani rabin awa na tashi da sauka, sai ka ga an rubuta maka minti talatin a tafiyar da ba ta kai biyu ba. Jadawalin kamfanin shi ne abin dubawa, shi ma akwai na bazara akwai na hunturu, kuma ba kullum jirgin ke bin tsari ɗaya ba, wata rana Westray zai fara wata rana Papay, don haka ka duba da kyau kafin ka yanki tikiti, in ba haka ba sai ka sauka a tsibirin da ka nufa ba tare da ka yi tsallakawar da ta kawo ka ba.

Jirgin kansa Britten-Norman Islander ne, ƙirar Birtaniya, wanda samfurinsa na farko ya tashi a 1965, inji biyu masu farfela, fiffike a sama, tayoyinsa ba sa naɗewa. Fasinja takwas yake ɗauka sai matuƙi ɗaya, shikenan, babu ma'aikaciyar jirgi, babu banɗaki, babu ma hanyar wucewa a tsakiya, kujeru ne bibbiyu a jere kuma ta ƙofofin gefe ake shiga. Ba kai za ka zaɓi kujera ba, su za su ce kai zauna nan ke zauna can saboda a daidaita nauyi, kuma ban ga wanda ya yi musu ba. Kaya kilo 15 aka yarda, saboda haka masu tafiya da akwati kamar za su aikin Hajji sai a rage. Matuƙin da kansa yake juyowa ya yi bayanin bel da rigar ceto da yadda ake buɗe ƙofa, yana gamawa ya juya ya tada inji, kana kallon hannunsa da duk abin da yake taɓawa. Ni wannan ya fi komai burge ni wallahi, a manyan jirage matuƙi murya ce kawai daga lasifika, a nan kuwa ga ƙeyarsa a gabanka.

Ƙara kam akwai ta. Injin fistin ne ba irin na manyan jirage ba, in ya ɗau wuta har cikin haƙoranka kake jin girgizar, magana da na kusa da kai sai da ɗaga murya. In kana da abin toshe kunne ka zo da shi, musamman in da yara.

Daga Kirkwall zuwa Westray shi ne ɓangaren da ba a cika magana a kansa ba, alhali a wajena ya fi minti ɗayan da ake ta zuzutawa daɗi nesa ba kusa ba. Jirgin ƙasa-ƙasa yake tafiya, ba ya shiga gajimare ya ɓace, kana ganin gonaki kore shar, shanu da tumaki, gidajen dutse ɗai-ɗai, farin yashi a bakin ruwa, ruwan kuma wani wuri shuɗi wani wuri kore har kana hango ƙasansa. Ba bishiya fa, kusan babu ko ɗaya, iska ba ta barinsu su tsaya. Tsibiri na wucewa wani na shigowa. Duk wanda aka sa a kujerar taga, kuma kusan kowa a taga yake tunda bibbiyu ne, ya more kuɗinsa tun kafin a iso.

Sai filin jirgin Westray, wanda kiransa filin jirgi ma sai an yi masa kara. Ɗan ɗaki ne guda, da motar kashe gobara a gefe, da ƙyallen nan da ke nuna inda iska ta nufa, titin kuma ba kwalta mai sheƙi ba ce. Yana can ƙarshen arewacin tsibirin, wurin da ake kira Aikerness. Ma'aikatan 'yan garin ne, in lokacin jirgi ya yi su bar abin da suke yi su zo su sa kayan aiki, su duba titi, su tsaya da motar gobara har jirgi ya sauka ya tashi, su sauke jakunkuna da hannunsu su miƙa maka, sannan kowa ya koma harkarsa. Tsayawar ba ta wuce 'yan mintoci. Daga nan in ka kalli gabas kana hango Papay ƙuru-ƙuru a tsallaken ruwan da ake kira Papa Sound.

To sai tsallakawar. Na yi tafiyar da wani babban yayanmu na nan Aberdeen, mutum ne mai yawan addu'a in zai hau abin hawa, jirgi ya juya ya fuskanci iska, inji ya yi kuka, 'yar gajeruwar gudu kawai sai ga mu a sama, bakin teku ya wuce ta ƙarƙashinmu, ruwa, ruwa, sai ga wani bakin tekun, matuƙi ya rage wuta, tayoyi sun taɓa ƙasa. Na juya na ce "Yaya, mun iso fa." Ya ce "Kai haba, ni ko Ayatul Kursiyyu ban kai ƙarshe ba." Wata dattijuwa 'yar garin da ke bayanmu ko ɗago kai ba ta yi ba daga jaridarta.

Abin da ke sa lokacin ya bambanta iska ce. Jirgi iska yake fuskanta in zai tashi, haka in zai sauka, to in ranar iskar ta dace da inda aka nufa sai a miƙe kawai a faɗa ɗaya titin, in kuma ta saɓa dole ya tashi ta wani ɓangaren ya yi kwana ya zagayo, nan ne za ka ga an haura minti biyu. In ka yi lissafi, kilomita 2.7 a daƙiƙa 53 ya kama wajen kilomita 180 a awa, wato jirgin bai ma samu damar kai cikakken gudunsa ba ake fara shirin sauka. Mai wannan tarihin na daƙiƙa 53 matuƙi ne da ake kira Stuart Linklater, ya yi tsallakawar nan sama da sau 12,000 kafin ya yi ritaya a 2013. Ku yi tunanin mutum ya tashi ya sauka a wuri ɗaya sau dubu goma sha biyu, ai ko ido rufe ya san kowane dutse.

Yanzu tambayar da kowa ke yi, me ya sa za a tada jirgin sama saboda kilomita biyu da ɗoriya, ba almubazzaranci ba ne? Ni ma da wannan tunanin na je. Amma jirgin ba don 'yan yawon buɗe ido aka yi shi ba, jirgin jigila ne na mutanen tsibiran. Malaman makaranta da ke zagaya tsibirai suna koyarwa, ma'aikatan lafiya, mara lafiya da zai ga likita a asibitin Kirkwall, ɗalibai, mai gyaran wuta, duk shi suke hawa. A 2016 da aka yi bikin cika fasinja miliyan ɗaya a jigilar tsibiran, wadda aka karrama ma'aikaciyar banki ce da ta shafe shekaru tana bin jirgin tana kai wa mutanen tsibirai aikin banki har gida. Majalisar tsibiran Orkney ce ke da ƙananan filayen, guda shida ne, Westray da Papa Westray da North Ronaldsay da Sanday da Stronsay da Eday, kuma ita ke ba da kwangilar jigilar tare da tallafi, shi ya sa tikitin tsakanin tsibiran bai da tsada in ka kwatanta da abin da za ka kashe kafin ka iso Kirkwall. Tunda jirgin dole zai je Westray kuma dole zai je Papay, haɗa su a zagaye ɗaya ya fi arha a kan a yi sawu biyu daga Kirkwall. Kun ga ashe ba wani abin nuna isa ba ne, lissafi ne kawai ya haifar da tafiya mafi gajarta a duniya. Akwai ƙaramin jirgin ruwa na fasinja daga Pierowall, babban garin Westray, zuwa Papay, wajen minti 25, amma teku a can in ta tashi da hunturu ba wasa, babban jirgin ruwa daga Kirkwall kuma ba kullum yake zuwa Papay ba. An sha yin maganar gada tsakanin tsibiran biyu, har yau dai jirgin ne.

Saboda haka in ka je ka tuna kujera takwas ce kacal, wadda ka zauna a kai don nishaɗi wani don ganin likita yake nemanta. Ka yi bukin da wuri, kuma in an ce babu wuri a na safe ka karɓi na yamma ba tare da ɓacin rai ba.

Shawarata mafi girma, kar ka yi irin ta masu zuwa su zauna a jirgi ya zagaya da su ya maido su Kirkwall, su ɗau bidiyo su tafi. Ka sauka ka kwana a Papay. Akwai ma rangwamen tikiti ga wanda zai kwana a tsibirin, da gangan aka yi don baƙi su zauna su yi ciniki. Masauki da shago duk na ƙungiyar 'yan garin ne, a Beltane House, wuri mai tsabta, akwai kicin da za ka yi girkinka. Tsibirin tsawonsa bai wuce kilomita 7 ba, da ƙafa ko keke za ka gama shi. Ba nisa da filin jirgin akwai Knap of Howar a bakin teku, gidaje biyu na dutse manne da juna da 'yar ƙaramar hanya da sai ka duƙa za ka wuce, an zauna a cikinsu tun wajen shekara 3700 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam, ana ɗaukarsu gidajen dutse mafi tsufa da suka rage a tsaye a arewacin Turai, sun girmi dalar Giza ta Masar da sama da shekara dubu. Ba mai gadi ba mai karɓar kuɗi, ka shiga ka tsaya a tsakiyar ɗakin, ga murhu ga kantocin dutse da suke ajiye kaya a jikin bango. Wannan wurin shi kaɗai ya biya min kuɗin jirgina. A arewacin tsibirin kuma akwai North Hill, wurin tsuntsaye, a nan aka kashe wani babban tsuntsun teku da ba ya tashi sama a 1813, irinsa ya ƙare gaba ɗaya a duniya bayan wajen shekara talatin, har sun yi masa ɗan mutum-mutumi a bakin dutse. In lokacin ƙyanƙyasa ka je ka sa hula mai kauri, akwai wasu fararen tsuntsaye da ke kawo farmaki a ka in ka matso kusa da sheƙarsu, ba sa tsoron kowa.

Westray ta fi girma ta fi harka. Garin Pierowall yana da 'yar tazara daga filin jirgi kuma ba tasi ke jira a ƙofa ba, sai ka shirya wanda zai ɗauke ka tun kafin ka sauka, masu masauki sukan taimaka. Akwai tsohuwar ganuwar Noltland ta ƙarni na 16, akwai hasumiyar fitilar jiragen ruwa a Noup Head, akwai kuma ɗan gunkin dutsen nan ƙarami da aka tono a 2009 mai shekara wajen 5,000. Daga can kana iya komawa Kirkwall ta jirgin ruwa daga Rapness, wajen awa ɗaya da rabi, in kana so ka haɗa sama da ruwa a tafiya ɗaya.

Ga 'yan uwa Musulmi, abu biyu. Abinci dai kifi ne mafita, kuma kifinsu sabo ne daga teku, soyayyen kifi da dankali na Pierowall ya yi suna a duk Orkney, ga ƙaguwa ga cuku ga burodi, nama kam sai ka haƙura har ka dawo, ka dai sako yajinka a jaka don girkinsu ba ruwansa da barkono. Na biyu lokacin sallah. Wurin ya yi arewa sosai, a watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe goma na dare kuma wajen huɗu na asuba ta fito, tsakanin nan ma duhu ba ya kankama, a Disamba kuma yinin gaba ɗaya wajen awa shida ne, Azahar da La'asar da Magariba suna bin juna a guje. Babu masallaci a tsibiran nan biyu, ka sauke jadawalin sallah a waya tun kana Kirkwall. Yayan namu har da tsokana wai ko tafiyar daƙiƙa sittin tana sa a yi ƙasaru, na ce wannan sai malamai, mu dai daga Aberdeen muka ɗauko niyya.

In maki zan bayar, huɗu cikin biyar ne. Ɗayan da na riƙe ba laifin kowa ba ne, yanayi ne. Hazo daga teku kan rufe tsibiran ko da bazara, iska kuma kan yi ƙarfi, ƙaramin jirgi irin wannan da ido matuƙi ke sauka, in bai ga titi ba ba zai tashi ba, kuma haka ya kamata. Don haka kar ka haɗa dawowarka daga Papay da wani jirgin da zai tashi daga Kirkwall bayan awa ɗaya, ka bar tazara mai kyau, in da hali ma kwana guda. Mai tsoron ƙaramin jirgi, ko mai ciwon gwiwa da shiga matsattsen wuri zai wahalar, ko dogon mutum sosai, su ma su yi tunani, jirgin ruwan Pierowall na nan. Wanda kuma ya zo Birtaniya na mako ɗaya kawai yana Landan, gaskiya ban ba shi shawarar ya taso takanas saboda wannan ba, kuɗin da wahalar sun yi yawa. Amma ɗalibai da ma'aikata da ke Aberdeen ko Inverness ko Dundee ko Glasgow, ku haɗa kanku ku uku ko huɗu ku je tsakanin Mayu da Agusta, kar ku wuce haka don kar ku cinye rabin jirgin ku kaɗai.

Rigar sanyi mai tare iska da ruwa dole ce ko da Yuli ne, da takalmi mai rufi don ciyawar a jiƙe take. Shagon Papay ba yini yake a buɗe ba, ka tambayi lokutansa da ka sauka. Wayarka kuma ka kunna bidiyon tun jirgi yana juyawa a kan titi, in ka tsaya sai ya ɗaga to rabin tafiyar ta wuce. Suna ba da satifiket ɗin shaidar ka hau jirgin, ka tambaya a teburinsu na filin jirgin Kirkwall in ka dawo.